Waƙata Ta Yi Daɗi a Kunnena, Ta Kunyata Ni a Wurin Suna

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 24, a Nima, unguwar nan ta Accra a Ghana, nake zaune. Da rana ina ɗinki a shagon maigidana, da dare ina haɗa kiɗa a laftof da manhajar FL Studio, in ɗora murya a kai. Gidan haya muke, ɗakinmu ɗaya da ƙanena, bango ɗaya ya raba mu da Mma, saboda haka ba a kunna sifika bayan isha'i. Da iyafis nake yin komai. Watan jiya aka yi sunan ɗiyar yayata, na kwana uku ina yi mata waƙa. A kunnena kamar daga babban situdiyo ta fito. Da DJ ya sa ta a manyan sifiku, gangar ta koma kamar ana buga gwangwanin madara, muryata kuma ta haye kan kiɗan kamar mai tallan magani a tasha. Ba ta kai rabi ba ya canja. Yanzu na tara sidi 800, kuma yayana da ke Jamus ya ce in faɗi abin da zai taho mini da shi da Babbar Sallah. Abokina ya dage in je Circle, inda ake sayar da wayoyi da kayansu, in sayi iyafis mara igiya na Bluetooth, wai shi ake yayi. Wane iri zan saya wanda zan ji waƙa da shi a trotro, motar hayar nan tamu, in kuma yi aiki da shi? Sannan in na cire iyafis da dare nakan ji wata ƙara siririya kamar kukan gyare har barci ya ɗauke ni. Ko wannan wani abu ne?

Ɗanka a Nima

Wa alaikumus salam, ɗana. Barka da suna tukuna, Allah ya raya yarinya, ya yi mata albarka.

Tambayar da ka maƙala a wutsiyar wasiƙa kamar ba komai ba, ta kukan gyare, ita ta fi tsaya mini a rai, kuma zan zo kanta. Bari mu fara wanke kunyar suna, don na san ita ke cin ka.

DJ bai yi maka mugunta ba, ko da yake na san zuciya ta raya maka haka. Kai tela ne. Ka ɗauka wani ya turo maka awonsa ta WhatsApp daga Kumasi, kai kuma tef ɗinka ya guntule inci biyu a baki ba ka lura ba. Za ka auna, ka yanka, ɗinki ya miƙe sambal. Ka sake aunawa sau goma da tef ɗin nan, daidai zai nuna maka. Sai kaftani ya je jikin mai shi ranar Sallah ake ganin ta'asa. Iyafis ɗin da ka yi aiki da shi tef ne guntulalle.

Yawancin waɗanda ake zubawa a kasuwa an ƙera su ne don su burge mutum a cikin rabin minti a bakin shago. Ana kumbura musu bes, wato sautin ƙasa mai kauri irin na ganga, a ƙara musu kaifi a sama, sai tsakiyar sauti, inda muryar ɗan Adam take zaune, ta koma baya. Ga mai jin waƙa kawai wannan daɗi ne, kamar an ƙara magi a miya. Ga mai haɗa kiɗa kuwa tarko ne. Ka ji ganga ta cika maka kai, sai ka rage ta, alhali a cikin fayil ɗin ba ta yi yawa ba. Ka ji murya ta nutse, sai ka ɗaga ta, alhali tana nan daidai. Da aka kai aikin gaban sifikun da ba su san wannan yarjejeniya taku ba, suka faɗi abin da ke ciki: ganga ramammiya, murya tana ihu. Gwangwanin madararka ke nan da mai tallan maganinka. Saboda haka abin da kake nema wanda ba ya ƙara gishiri ne, wanda in aikinka ya yi muni zai gaya maka tun kana ɗaki, kafin 'yan biki su gaya maka da ido. Ranar farko za ka ji shi salam, har ka ce an cuce ka. Ka ba shi mako biyu.

Maganar abokinka kuwa, ka gaishe shi, amma ba da kuɗin nan ba. Bluetooth sai ya dunƙule sauti, ya aika, a warware shi a kunne, kuma wannan yana cin lokaci: galibi tsakanin milisakan 100 da 300 (milisakan dubu ne sakan ɗaya). A jin waƙa ba za ka taɓa lura ba. A aiki kuwa ga lissafin. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya, to jinkirin milisakan 200 kamar ka tsaya kusan mita 70 daga bakinka ne kana jiran muryarka ta iso. Ka danna ganga a allon laftof, hannu ya sauka, ƙara ta biyo baya tana jan ƙafa. Babu mawaƙin da zai zauna a kan kiɗa haka. Ƙari a kan wannan, da zarar ka kunna makirfon da ke jikinsa, sautin duka yakan faɗo ya koma irin na kiran waya. Ga batiri ɗan mitsitsi da ba a canjawa, shekara biyu ko uku ya gaji, ga kuma daren da aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki shi ma ya ce sai an ba shi caji. Ni ma ina da mara igiyar, da shi nake jin labarai in na fita. Wata rana in aljihu ya yi nauyi ka saya. Na aiki dai mai igiya ne, kuma mai igiyar ba ya ƙin shiga trotro.

Yanzu ga abin da mutane ba sa ɗauka da muhimmanci, alhali shi ne rabin zance: 'yar robar nan da ke shiga cikin kunne. In ba ta toshe ramin kunne ruf ba, bes yana zurarewa kamar ruwa a ƙwarya mai huji, kuma iyafis na dala 500 zai yi maka ƙara kamar na sidi ashirin. Na taɓa ganin wani yaro ya kawo nasa situdiyo yana zagin kamfani, wai an sayar masa da jabu. Na karɓa, na cire robar, na sa masa wadda ta fi ta girma kaɗan, na ce ya ɗaga hannun hagu ta bayan kai ya ja saman kunnen dama sama da baya, ya tura, ya ɗan murɗa. Yana saki sai na ga idonsa ya buɗe. Bai ce komai ba, gyaɗa kai kawai ya shiga yi. Haka za ka gane ta zauna: hayaniyar tsakar gida ta ja baya kamar an rufe ƙofa, kana jin haɗiyar yawunka. A kwali akan sa ƙanana, matsakaita da manya. Gwada duka, kuma kada ka yi mamaki in kunnen dama ya so wata, na hagu ya so wata; ba a yi su da awo ɗaya ba. Akwai ta siliki mai santsi, wadda ake wankewa ta daɗe. Akwai ta soso, wadda ake murzawa da yatsu ta kankance, a tura, a riƙe ɗan lokaci ta kumbura ta cika ramin. Ta soso ta fi tare hayaniya, amma tana shan gumi, kuma a zafin Accra ba ta wuce 'yan watanni sai an canja.

Toshewar nan tana da nata sharri ga mai waƙa. Muryarka za ta riƙa yi maka amo a cikin ƙoƙon kai, kamar kana magana a cikin randa. Abin da yara ke yi shi ne su zare ɗaya su bar ɗaya, sannan su ƙure ƙarar wanda ya rage don ya rinjayi ɗaki. Da haka ake kashe kunne ɗaya. Bar su duka biyu a ciki, ka sauke kiɗan, ka ɗaga muryarka kaɗan a abin da kake ji. Amfanin toshewar kuma, kiɗa ba ya yoyo ya shiga makirfo lokacin ɗaukar murya, Mma ma ba za ta ji komai ta bango ba, sai dai waƙarka.

Rubuce-rubucen jikin kwali kada su ɗauke maka hankali. Kowa yana rubuta 20 Hz zuwa 20 kHz, don iyakar jin ɗan Adam ke nan. Bai gaya maka komai a kan yadda aka raba sautin ba. In ka ga om 16 zuwa 32, wato ma'aunin yadda yake turje wa wutar lantarki, wayarka da laftof ɗinka za su tuƙa shi ba wahala. Za ka ga masu alfahari da 'yan injina biyar ko takwas a kowane kunne. Iri biyu aka fi sani: mai faifai guda da ke kaɗawa kamar ƙaramar sifika, da wani ɗan mitsitsi da aka aro daga na'urar taimaka wa masu raunin ji. Yawan maɓalli ba shi ke sa riga ta zauna a jiki ba. A kuɗinka, mai faifai guda da aka daidaita da kyau ya fi tarkacen takwas, kuma masu injina da yawan nan sukan jawo shuuu daga ramin laftof mai araha.

Abu ɗaya da ba zan sassauta maka ba: igiyar ta zama mai cirewa. Ita ke fara mutuwa, a wuya ko a gindin filogi, musamman ga mai cusa ta a aljihu tare da almakashi da alli. In mai cirewa ce ka sayi wata ka ci gaba. Mahaɗa biyu aka fi samu, mai ƙafa biyu na milimita 0.78 da mai zagaye da ake kira MMCX. Ka san naka kafin ka je neman canji.

To me za a saya? Ga yadda zan yi da a ce ni ne kai. Da kuɗin hannunka ka nemi ɗaya daga cikin ƙananan nan na China da suka yi suna saboda daidaiton sauti, irin 7Hz Salnotes Zero ko Moondrop Chu II. A waje kimanin dala 20 ake sayar da su. Ka buga lissafi da canjin ranar, tunda sidi ba ta zama wuri ɗaya, ka ƙara ribar mai kawowa. Kada araharsu ta sa ka raina su. Shekara goma sha biyar da suka wuce, sautin da suke bayarwa sai mai kuɗi. Ka haɗa da robobi na ajiya, da ɗan mahaɗin USB-C in wayarka ba ta da ramin iyafis, da babban kai na milimita 6.35 saboda ranar da za ka shiga situdiyon wani. Canjin da ya rage ka ɓoye shi, ka fara tarin sawunkad, akwatin nan da ake haɗa makirfo da laftof, don shi zai ba ka jin muryarka nan take babu jinkiri.

Yayanka kuma ka rubuta masa suna da lamba ƙarara, kada ka ce masa "iyafis mai kyau", don zai shiga shagon filin jirgi ya sayo maka mara igiya mai tsada yana ganin ya yi maka gata. Ajin dala 100 akwai uku da na sani a hannu. Shure SE215, wanda ya fito tun 2011, jarumi ne a dandamali, yana tare hayaniya sosai, amma yana da ɗumin bes kuma samansa a lulluɓe yake, to ga haɗa kiɗa ba shi zan fara miƙa maka ba. Etymotic ER2SE shi ya fi kowa faɗin gaskiya, sai dai yana shiga can cikin kunne, wasu ba sa jurewa, kuma mai son bes zai ce babu komai a ciki. Sennheiser IE 100 Pro yana tsakani, kamfanin ma na Jamus ne, yayanka ba zai sha wuyar samu ba. Igiyarsa dai tasu ce ta musamman, saboda haka ya haɗo da ta biyu. Tunda trotro da aiki kake so a abu ɗaya, ni Sennheiser ɗin zan ce. Ya saya a shagon kayan kiɗa, ya riƙe rasit.

Na ce rasit ne don an taɓa yi mini. Wani shago, kwali a naɗe da leda, tambari yana ƙyalli, farashi rabin na ainihi, ni kuma na ga banza ta faɗi. Juma'a uku ya yi, kunnen hagu ya yi shiru. Da na koma, mai shagon ya juya shi a hannu ya ce ai ni na fizge igiyar. Manyan sunaye su aka fi yi wa jabu, kuma jabun yanzu ido ba ya rabewa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wannan kasuwa ji ne ke korar gani. In za ka Tiptoe Lane, layin masu wayoyi da ke Circle, ko ko'ina, ka tafi da wayarka da robarka, kuma kada ka yarda mai kaya ya sa maka waƙarsa, ya san wadda ke rufa wa hajarsa asiri. Fara da saƙon murya na Mma, wanda ta turo tana aiken ka. Babu sautin da ka sani a duniya kamar wannan. In ka ji ta kamar mai mura, ko kowace "s" tana sukar ka kamar allura, ajiye. Sannan ka sa ƙira'ar da kunnenka ya saba da ita, sannan kiɗan kalangu, ka ji ko kana rarrabe dukan fata da lanƙwasar amon in an matse tsarkiya. Bes ka bar shi ƙarshe.

Wata 'yar masifa da za ta iya ruɗa ka: iyafis mai makirfo filoginsa zobe uku gare shi, mara makirfo biyu. Ka cusa mai zobe uku a wasu mahaɗan situdiyo, sai murya ta ɓace, kiɗa ya zama kamar daga ƙarƙashin ruwa. Kayanka lafiya lau, filogin ne bai zauna ba. Na aiki ka ɗauki igiya mara makirfo. Kuma iskar garin nan mai gishiri da laima ba ta ƙaunar ƙarfe. Goge shi bayan amfani, ka duba 'yar ragar bakinsa, don sau da yawa in gefe ɗaya ya yi rauni dauɗar kunne ce ta toshe ta. Ka ajiye shi a gwangwani da 'yar jakar ƙwayoyin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi.

Kada kuma in yaudare ka: ko na dala dubu ka sa, iyafis shi kaɗai ba ya gama aiki. A cikinsa abin da ke hagu ba ya kaiwa kunnen dama, bes kuma ba ya dukan ƙirji, to faɗin kiɗa da nauyin ganga za su riƙa ɓoye maka wani abu. Ɗauki waƙa ɗaya irin taka da ka sha ji tana tashin wurin biki, ka jefa ta cikin FL Studio kusa da taka, ka daidaita ƙararsu, ka riƙa tsallakawa daga wannan zuwa waccan. Ka haɗe taka ta zama mono, wato hagu da dama su zama ɗaya, ka ji me ya ɓace. Ka ji ta a sifikar waya, tunda can mafi yawan mutanenka za su ji ta. Sannan ka haɗiye fushi ka nemi DJ ɗin nan. Ranar da yake da aiki ka je tun ana kafa rumfa, ka kama masa ɗaukar sifiku, ka roƙi minti biyar kafin mutane su taru. Ka tsaya a tsakiyar fili da takarda ka rubuta abin da ka ji.

Sai kukan gyare. Wani abu ne, ɗana. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu gashi siriri da ke karɓar sauti, ƙara mai yawa tana kwantar da su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ƙarar da kake ji da dare kokensu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro, kuma ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80, wato awon ƙarfin ƙara, na awa 40 a mako. Masu kula da lafiyar ma'aikata a Amurka suna lissafi da desibel 85 na awa takwas a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Iyafis da aka ƙure yana iya wuce ɗarin nan. Kai kuma ka wuni a kan keken ɗinki, ka shiga trotro inji yana ruri, yaron mota yana ihu, rediyo yana nasa, ka ƙure ƙara don ka rinjaye su, sannan ka kwana uku a kan waƙa ɗaya.

Ina faɗa maka ne da kunnen hagu da ya shekara ashirin yana yi mini wannan kukan, ladan tsayuwa kusa da sifika a wuraren biki da maulidi lokacin ina ganin ƙarfi ne. A taro yanzu sai na juya wa mutum gefen dama.

Iyafis ɗin da ya toshe da kyau zai taimake ka a nan, don in hayaniya ta ragu ba ka bukatar ƙurewa. Irin na mawaƙa ma dalilin yin su ke nan: a 1995 wani injiniyan sauti mai suna Jerry Harvey ya ƙera wa wani makaɗin ganga a Amurka nasa, saboda ƙarar dandamali ta hana shi jin abokan kiɗansa. Kada ka wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarar waya, in ta yi maka gargaɗi kada ka danne shi. Duk awa ɗaya ka cire, ka fita tsakar gida minti goma. Kunnen da ya gaji ma ƙarya yake yi, shi ya sa aikin ƙarfe biyun dare ke zama abin kunya da safe. Daga yau ka ba kunnen hutun kwana biyu cur. In kukan yana kaiwa safiya, ko ya wuce 'yan kwanaki, ko ka fara cewa "na'am?" fiye da da, ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin Korle Bu a auna maka ji. In kuwa ka wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya, ranar za ka je, ba gobe ba. Ban da tsinken ashana, ban da gashin kaza, ban da ɗiga mai. Kuma in za ka tsallaka babban titin Nima ka zare su duka, masu babur ba sa jiran wanda bai ji oda ba.

Waƙar sunan kada ka goge ta. In sabon ya zo kuma kunne ya huta, buɗe fayil ɗin, ka mayar da bes ɗin da ka yanke, ka sauke murya ta zauna cikin kiɗa, ka gwada a wurin DJ, sannan ka kai wa yayarka. Yarinyar ba ta ko fara zama ba, ba ka makara ba. Ka turo mini ni ma in ji, da kunnen dama.